Ranar Da Rijiya Ta Riƙe Illa

Illa mai haƙar rijiya ba dogo ba ne, ba kuma kyakkyawa ba, a faɗi gaskiya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gwiwoyinsa sun yi kanta kamar na raƙumi, farcensa kuwa ba a taɓa ganinsa da haske ba ko ranar salla. Amma daga Matameye har Kance, har Dawce da Ɗan Barto, in rijiya ta ƙafe ko ta rufta, shi ake aika wa. Ba wanda ya naɗa masa rawani. Mutane dai suka riƙa ce masa Sarkin Haƙa har sunan ya zauna.

Ƙasar Matameye rairayi ce. Ruwa ba shi da nisa, gaba shida ko bakwai an same shi, sai dai kafin mutum ya kai gare shi rairayin yana iya haɗiye shi. Shi ya sa ake yi wa rijiya ɗauri: guntayen itacen kirya ake jerawa a jikinta huɗu-huɗu, kowane jeri ya hau kan na ƙasa, a cusa gamba a bayansu ta tare ƙasa. In itace ɗaya ya gaza da yatsa biyu, ɗaurin nan ba zai riƙe komai ba. Awon itacen kamu uku ne da taƙi ɗaya, kuma da hannun Illa ake aunawa, daga gwiwar hannunsa zuwa kan yatsansa. Ba na kowa ba, nasa.

Mutum shida ke aiki a ƙarƙashinsa. Akwai Alasan mai saran itace, wanda ya shekara ashirin tare da shi har gemunsa ya yi furfura, amma bai taɓa sare kirya ɗaya ba sai Illa ya ɗora hannu ya ce, "Nan." Sauran biyar ɗin aikinsu igiya. Su saukar da Illa, su jawo kwandon ƙasa, su mayar, da yamma su jawo Illa. Cikin rijiya kuwa ba mai shiga sai shi.

A cikin masu igiyar akwai Rabi'u, ɗan wansa Bawa. Wannan Bawa shi ya fara koya wa Illa sana'ar. Wata rijiya a Dawce ta rufta da shi tun Rabi'u yana goye, kuma Illa ne ke riƙe da igiyar ranar. Ya ji ta yi nauyi a hannunsa, ya ji ta tsaya cik. Kwana biyu aka yi kafin a fito da gawar. Illa ya ɗauki maraya ya riƙe, ya yi masa kaciya, ya yi masa aure, ya kuma yi wa kansa rantsuwa cewa ba zai sake tsayawa a sama wani nasa yana ƙasa ba.

Masu zaman kasuwa suna cewa rowar sana'a ce, wai yana tsoron a ƙwace masa suna. Ba su san komai ba. Tsoro ne, amma ba irin wanda suke nufi ba. Sai dai ga wanda ke riƙe da igiya shekara da shekaru, ko rowa ce ko ƙauna, duk ɗaya ne, hannunsa dai bai koyi komai ba. Duk farkon rani Rabi'u zai durƙusa ya ce, "Baba, bana zan sauka?" Illa ya ce, "Baɗi." Rabi'u ya tara 'ya'ya uku, ya ji baɗi sau goma sha huɗu.

A ranin 1956, bayan motocin gyaɗa sun gama kwashe kaya sun yi kudu, rijiyar unguwar gabas ta soma ba da taɓo. Tsohuwar rijiya ce, jeri uku na ƙasa sun ruɓe. Mai unguwa ya aiko, Illa ya zo da hantsi da mutanensa. Ya ɗaura igiya a ƙirji, ya ɗauki dagi, ya yi bisimilla ya sauka. Ya cire ruɓaɓɓen itacen, ya yashe taɓon, ya ƙara haƙa kamar kamu biyu. Dagin ya nutse, ruwa mai sanyi ya ɓullo tsakanin yatsun ƙafarsa. Yana cikin murnar ya samu sabon idon ruwa, sai ya ji abin da ya fi shekara talatin yana kasa kunne don kada ya ji: wata 'yar tsiyaya a bayansa, kamar ana zuba gero a ƙwarya.

Bai samu ya juya ba. Gefen gabas ya zubo gaba ɗaya. Da ƙurar ta lafa, rairayi ya kai masa ƙugu, wani tsohon itace kuma ya danne ƙafarsa ta dama can ƙasa.

Mutanensa na sama suka ga ƙura ta taso daga bakin rijiya. To me za su yi? Shekara da shekaru bai koya musu komai ba sai ja, sai kuwa suka ja. Su biyar, da Alasan, da wasu mutum huɗu masu wucewa da suka rugo don neman lada. Suka haɗa ƙarfi gaba ɗaya, saboda suna ƙaunarsa. Igiyar ta shaƙe ƙirjin Illa, ƙafar tana ƙarƙashin itace ba ta motsa ba, sai ƙugunsa ya ce ƙas. Ƙarar da ya yi, har matan da ke daka a gidajen kusa suka ajiye taɓare.

"Ku saki," ya ce, da ya samu numfashi. "Don Allah ku saki. Za ku raba ni biyu."

Suka saki. Suka tsaya suna kallon juna, manya-manyan mutane, hannuwa a sake kamar baƙi.

Kafin a ce haka unguwa ta cika wurin. Kowa yana son ya leƙa, kuma duk wanda ya matso bakin rijiyar sai ƙasa ta gangaro wa Illa a ka. Wani ya ce a kawo takarkari biyu su ja. Wani ya ce a aika Magarya wurin kumandan, Baturen mulki, a zo da masu rijiyar siminti. Aka ce ko an samu mota yanzu, sai gobe su iso. Illa yana jin duk wannan daga ƙasa, yana kuma jin ruwan da shi da kansa ya buɗe wa hanya yana jiƙa rairayin da ke jikinsa, yana hawa a hankali.

Matarsa Baiwa ce ta kori taron. Ta zo da muciya a hannu, da sauran tuwon da take tuƙawa a jikin muciyar, ta shata layi a ƙasa taku goma daga rijiyar, ta ce duk wanda ya tsallaka, mai unguwa ne ko liman, za ta fasa masa kai. Ba wanda ya gwada ta.

Da aka yi kiran azahar ruwa ya wuce wa Illa cibiya. Rabi'u ya kwanta rubda ciki a bakin rijiyar ya leƙa.

"Baba, zan sauko."

"Kada ka kuskura."

"Baba, ba wanda zai zo."

"Na ce kada ka kuskura. In ka sa ƙafa a rijiyar nan ban yafe ba."

Illa ya ɗaga kai ya dubi ɗan da'irar hasken da ke sama, da kan Rabi'u a ciki. Kan Bawa ne sak, har kunnuwan. Ya ji gara ruwan nan ya rufe shi sau goma da ya ga igiya ta sake yin nauyi da jinin Bawa. Ya soma kalmar shahada, ya yanke shawara zai mutu shi kaɗai, kamar yadda ya yi aiki shi kaɗai.

Sai wani kan ya leƙo kusa da na Rabi'u, da ɗankwali.

"Maigida," in ji Baiwa, muryarta ba ta rawa, "ka ji ni da kyau. Ko ka mutu, ba za a bar ka a rijiyar mutane ba. Sai an sauko an ɗauko ka. Wa kake tsammani zai sauko? Shi ɗin dai. Zai sauko gobe, bai san inda zai sa ƙafa ba, kai kuma ba ka da bakin gaya masa. Ko ya sauko yanzu kana magana, ko ya sauko gobe kana shiru. Zaɓi."

Illa bai taɓa jin maganar da ta yi masa ciwo irin wannan ba, har da ƙugun da ya goce. Ya so ya zage ta. Ya nemi inda ƙarya take a cikin zancen, bai samu ba. Ashe duk shekarun nan ba tsare yaron yake yi daga rijiya ba, jinkirta masa ranar kawai yake yi, yana kuma tabbatar da cewa in ta zo za ta same shi bai san komai ba.

Ya sake ɗaga kai ya dubi yaron. Can ya ce, "Rabi'u. Kawo igiya ta biyu. Ba a ƙugu ake ɗaurawa ba, ƙarƙashin hammata, ƙullin a gaba inda hannunka zai kai."

Haka aka fara. Maganar da ya riƙe shekara talatin ta riƙa fita daga bakinsa guntu-guntu, tsakanin nishi. A gicciya azara biyu a bakin rijiya, igiya ta bi ta tsakiya. Kada ƙafarka ta taɓa bango, ko da wasa. In ka iso jerin ƙarshe mai lafiya, tsaya a kansa, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. A sauko da guga a igiya ta uku, mutum biyu su yi ta kwashe ruwa ba tsayawa. Rabi'u ya sauko yana juyawa a iska, fuskarsa ta yi fari fat, ya tsaya a kan itacen da aka ce, saman kan baffansa kaɗan.

"Ba za a tone ni ba sai an mayar da ɗauri," in ji Illa. "In ka ɗebi rairayi yanzu, wani zai zubo ya cike gurbin. Jeri uku, itace goma sha biyu."

"Wa zai auna, Baba?"

Illa ya dubi hannunsa. Ga awon nan a jikinsa, gaba bakwai ƙarƙashin ƙasa, ga Alasan can sama da gatari da tarin kirya, ba zai iya sare ko ɗaya ba. Wauta irin wannan, ko a tatsuniya sai an yi dariya. Rabi'u ya ɗaga murya ya ce a sauko masa da karan dawa dogo. Da karan ya iso, Illa ya harare shi.

"Kabari ka zo auna mini tun ban mutu ba?"

"Miƙo hannu, Baba."

Ya miƙa. Rabi'u ya ɗora karan daga gwiwar hannun zuwa yatsa sau uku, ya ƙara taƙi, ya karya, ya ɗaura a igiyar guga aka ja. Matan da ke bayan layin Baiwa suna ganin kara ya fito daga rijiya, suka fashe da kuka, don a saninsu ba a auna mutum da kara sai gawa. Baiwa ma kanta sai da ta yi salati. Alasan ne ya gane, ya karɓi karan ya ɗora a kan kirya, ya ɗaga gatari, ya tsaya. Ya zo bakin rijiyar ya durƙusa.

"Sarki, kan itacen ya ɗan lanƙwasa. Daga ciki zan auna ko daga waje?"

"Alasan," in ji Illa, "shekara nawa kana kallona?"

"Ashirin."

"To abin da ka gani daidai, shi ne daidai. Kada ka sake zuwa tambayata. Ba ni da numfashin."

Alasan ya koma ya sara. Itacen farko ya sauko, Rabi'u ya sa shi inda aka nuna masa, ya zauna ɗas kamar an haife shi a wurin.

Aikin ya yi ta tafiya, ruwan ma yana tafiya. Masu guga suna kwashewa, amma idon sabo ne, ya fi ƙarfinsu. Da aka gama jeri na farko ruwa yana ƙirjin Illa. Sanyi ya kama shi, haƙoransa suna haɗuwa, ƙafar da ke ƙasa kuwa ya daina jin ta, abin da ya fi ciwon ba shi tsoro. Duk da haka bakinsa bai tsaya ba. Cusa gambar da kyau. Ba haka ba, da gindin dagi. Buga a hankali, ba ƙofar gidanku ba ce. Rabi'u yana cewa to, to, zufa tana ɗiga daga haɓarsa a kan fuskar baffansa.

An kira la'asar suna jeri na biyu. Illa ya ce, "Yanzu gabas. Nan ta zubo, nan za ta sake zubowa. Sa na gabas."

Rabi'u ya ɗaga itacen, ya tsaya.

"Na ce gabas. Kurma ne kai?"

"Baba, yi shiru."

Tun da aka haifi Rabi'u bai taɓa ɗaga ido ya dubi Illa ba, balle ya ce masa yi shiru. Mamaki ne ya rufe bakin tsohon, ba biyayya ba. Ya kasa kunne, bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa da ƙarar haƙoransa. Rabi'u kuwa ya karkata kai, ya juya, ya danna itacen a gefen yamma, ya sa kafaɗa ya tokare shi, ya yi kira a sauko da wani maza. Bai gama cusa gamba ba bangon yamma ya motsa. Rairayi ya taho da nauyinsa duka, ya daki kiryar, itacen ya yi ƙara, ya tsaya. Abin da ya tsiyayo ta ƙasa bai fi cikin ƙwarya biyu ba.

Da na gabas aka sa, da su biyun sun tafi tare.

"Ya aka yi ka sani?" in ji Illa, da ƙyar.

"Na ji tsiyayar. Shekara goma sha huɗu ina kwance a bakin rijiya ina saurare, Baba. Ba ni da wani aikin."

Illa ya ji kunya ta kama shi, irin wadda ba ta taɓa kama shi ba. Daga nan bai sake cewa sa nan ko sa can ba. In Rabi'u ya dube shi, sai ya ce, "Me ka gani?" Rabi'u ya faɗa, ya ce, "Yi."

Sanda jeri na uku ya zauna, hasken da ke shigowa ya yi ja, ruwa ya kai wa Illa wuya. Rabi'u ya sauka cikin ruwan ya soma tonon rairayi da ƙwarya, yana cika kwando ana ja. Ya tono har ƙugu, har cinya. Itacen da ya danne ƙafar yana can ƙasa, sai ya nutsa kansa kafin ya taɓa shi. Ya nutsa sau ɗaya, ya taso yana tari. Sau biyu. Sau uku. Itacen ko gezau. Ruwan ya taɓa gemun Illa, dole ya ɗaga haɓa sama kamar mai kallon wata.

"Rabi'u," ya ce, ruwa yana shiga gefen bakinsa, "ya isa. Ka yi abin da ɗa ke yi. Kana da yara uku. Hau ka bar ni, na yafe maka duniya da lahira. Hau yanzu."

Rabi'u ya share ido, ya kwance igiyar da ke ƙirjinsa, igiyar da ita ce kaɗai hanyarsa ta fita.

"Baɗi, Baba," ya ce.

Ya ja numfashi ya nutsa da igiyar a hannu. Illa ya ji yatsu suna laluben ƙwaurinsa, ya ji ana zagaya itacen da igiya. Ya ƙirga a ransa har ya daina ƙirgawa. Ya kira sunan Bawa a fili, ya roƙi Allah in ɗaya za a ɗauka a ɗauke shi. Sai kan Rabi'u ya ɓullo.

"Igiyata," ya yi kira sama, yana haki. "Tawa kaɗai. Mutum uku. A hankali, in na ce tsaya ku tsaya."

Suka ja a hankali, irin jan da ba a taɓa koya musu ba sai yau. Itacen ya ɗaga kamar taƙi ɗaya. Rabi'u ya sake nutsewa ya zaro ƙafar da hannu biyu.

Ana shirin kiran magariba aka fito da Illa, a zaune cikin kwandon ƙasa kamar kayan kasuwa. Bai yarda a ɗauke shi daga wurin ba sai da ya ga hannun Rabi'u ya kama azara.

Maɗori ya mayar da ƙugun, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Illa ya yi wata uku a kwance, ya tashi da sanda, kuma kowa ya san ya gama shiga rijiya. Ranar da ya fara fita zaure ya sa Alasan ya sassaƙa masa sanduna shida na kirya, kowace kamu uku da taƙi, ya ba kowane mutum tasa. A ranin da ya biyo ya saukar da su ɗaya bayan ɗaya, daga rijiya mai gaba uku, zuwa mai biyar, yana zaune a baki yana tambayar me suka gani. Yana yi musu faɗa har yanzu, halin mutum ba ya barinsa, amma faɗan ya koma na wanda yake son a iya. Kafin shekara uku, in aiki ya zo daga Kance da Ɗan Barto rana ɗaya, ba a ce wa kowa ya jira. Alasan ya tafi can da mutum biyu, Rabi'u ya tafi nan.

Abu ɗaya ne ya daɗe bai iya ba. In Rabi'u zai sauka, sai Illa ya sami dalilin komawa gida. Har aka kira su yasar wata tsohuwar rijiya a Dawce. Ba wanda ya faɗi ko wace rijiya ce, kowa dai ya san ita ce ta rufta da Bawa. Illa ya hau jaki ya bi su. Rabi'u ya ɗaura igiya ƙarƙashin hammata, ƙulli a gaba, ya ɗauki ɗaya bakin, ya wuce mutum huɗu masu ƙarfi, ya miƙa wa gurgun tsoho.

Illa ya dubi igiyar. Kowa yana kallonsa. Ya jingine sandarsa, ya zauna a gaban sauran, ya tokare ƙafarsa mai lafiya a jikin azara, ya karɓa.

Igiyar ta yi ta zamewa a tafinsa, gaba ɗaya, biyu, biyar, bakwai, ta tsaya. Shiru. Maganganu goma suka taso masa, duba yamma, kada ka taɓa bango, saurari ƙasa. Ya cije leɓe bai faɗi ko ɗaya ba. Hawaye yana bin gemunsa, bai saki igiyar ya share ba.

Can ƙasa aka yi kira, "Kwando ya cika, Baba. A ja."

Illa ya ja.